Mun Ba Shi Ruwa, Mun Ba Shi Riga

Ana cikin jifan motar da duwatsu babanmu ya damƙi direban ta wuyan riga, ya tura shi cikin gidanmu, ya sa sakata.

"Ba za a kashe ɗan mutane a ƙofar gidana ba," in ji shi. "Akwai hukuma."

Da hantsi ne motar ta hau dakalin shagon Baba Tela, maƙwabcinmu, ta matse shi da keken ɗinkinsa a jikin bango. Maza suka ɗauke shi zuwa asibiti. Mu kuma aka bar mu da wanda ya yi ɓarnar, wani saurayi mai agogo mai tsada. Ya zauna a kan tabarmarmu yana kuka, warin giya ya cika ɗakin har ya danne turaren Umma.

Umma ba ta iya ganin mutum yana kuka. Ta ba shi ruwa, ta ƙara masa, ta dafa masa shayi mai kauri. Rigarsa duk amai, sai ta ciro ta yayana ta ba shi, ta jiƙa tasa da sabulu. A waje kuma mai kanti ya kwashe kwalaben da ke cikin motar ya kai juji, wai kada yara su gani.

Na ce a hankali, "Umma, da an bar rigar yadda take."

"Ke rabu da ni da bokonki. Ɗan wani ne."

Saurayin ya yi barci har la'asar. Sai da unguwa ta lafa babanmu ya raka shi ofishin 'yan sanda, a wanke, a natse.

Ni nake raka Gwaggo, matar Baba Tela, kai abinci asibiti. Duk da robar da ke hancinsa bai bar tsokanata ba.

"Malama mai digiri, zo ki ga aikin likitanku." Ya ɗaga mayafin, na ga zaren ya bi cikinsa a karkace. "Ko ɗan koyo ne ya yi min wannan ɗinkin, sai na sa ya warware."

Na yi dariya, Gwaggo ba ta yi ba. Can ya tambaya, "Yaron fa?"

"Yana hannu," in ji Gwaggo.

"To, su riƙe shi. Ni nawa ya ƙare. Amma titin nan 'yan makaranta ke bi."

Bai ƙara maganar ba. Bayan 'yan kwanaki ya cika, da safe, lokacin da Gwaggo ta fita neman ruwan zafi. Ta dawo da butar a hannu ta tarar an ja labule.

Bayan an share makoki ɗan sandan da ke riƙe da ƙarar ya zo gidanmu. Bai yarda ya zauna ba.

"An gwada jininsa, amma yamma ta yi. Abin da aka samu bai kai wanda doka ta hana ba. Da kun kawo shi nan take, shekaru zai yi a gidan yari. Ina kwalaben?"

Babanmu ya kalli ƙasa.

"Rigar da ya yi hatsarin da ita fa?"

"Na wanke," in ji Umma daga bayan ƙofa. "Har na goge masa."

"Amma duk mun ji warin," na ce.

"Ƙanwata, wari ba ya zuwa kotu."

Ranar yanke hukunci Gwaggo ta ce in zauna kusa da ita, don ba ta gane maganar lauyoyi. Ta zo da babbar ledar asibiti a ƙirjinta, hotunan ƙasusuwan Baba ne a ciki. Ta yi zaton alƙali zai so ya gani. Lauyan saurayin ya ce birki ne ya ƙwace. Ya kuma yaba wa mutanen unguwa, ya ce da sun ga alamar maye da ba su kwantar da shi a ɗakinsu ba. Babanmu yana bencin baya, ban juya ba.

Da alƙali ya gama karatu, Gwaggo ta taɓa ni.

"Shekara nawa?"

"Babu ɗauri, Gwaggo. Ganganci aka kama shi da shi. Zai biya tara, an kuma karɓe lasisinsa na wasu watanni."

"Giyar fa?"

"Ba a ambace ta ba."

Ta daɗe tana kallona, kamar ni na rubuta hukuncin. "Uwarki dai akwai kirki," ta ce.

A bakin kotu saurayin ya miƙa wa ƙaninsa makullin wata mota, ya buɗe ƙofar baya ya shiga, aka ɗaga gilashi. Mu muka tsaya a rana muna jiran bas. Gwaggo ta ɗora ledar hotunan a kanta tana kare fuskarta, ba a ko kwance bakin ledar ba.