Sabon Kunnen Kafinta

Ranar da aka kunna na'urar da aka dasa masa a bayan kunne, saura kaɗan Kafinta ya fizge ta ya yi jifa da ita. Ya daɗe ba ya ji, tun wani zazzaɓi da ya kwantar da shi, kuma ya sa rai da an danna maɓalli muryar matarsa za ta dawo yadda ya san ta. Sai ga shi ta buɗe baki, abin da ya shiga kansa kamar ana jan ƙusa a kan kwanon rufi.

"Likita, wannan ai ba magana ba ce," in ji shi. "Kukan tsohuwar ƙofa ne."

Likitar kunnen ta kare bakinta da hannu don kada ya karanci leɓɓanta, ta faɗi wani abu. Ya girgiza kai. Ta rubuta masa: yau an yi rana. Ta sake kare baki ta maimaita. Kafinta ya zabura. Ga kalmomin nan sarai a cikin ƙarar, kamar fuska a bayan labule.

"Kin canza murya!"

Ta fuskance shi, tana magana a hankali. "Ban canza ba, Baba. Kunne yana aika ƙara sama zuwa ƙwaƙwalwa, ita kuma tana aiko da nata saƙon ƙasa, tana cewa ga abin da nake tsammani. Inda suka haɗu, nan ji yake. Yanzu da ka san abin da zan ce, sai ta taimaki kunnen."

Ya koma gida bai iya zama ba. Ya buɗe famfo ya rufe, ya ja kujera, ya saki cokali a ƙasa, ya fita ya dawo. A shago kuwa zarto da guduma da mashin ɗin titi duk murya ɗaya suke yi masa. Da yamma ya shigo da ƙurar katako har gwiwar hannu, ya nufi kwanon abinci, sai ƙarar nan ta taso daga bayansa, ya ji ta rabe kalma kalma: "Baban Auta, wanke hannu tukuna."

Ya juyo. "Sake faɗa!"

"Yau kuma faɗan nawa ne ya yi daɗi?" in ji matarsa, tana dariya tana share ido da gefen mayafi.

Daga nan ya samu hanya. Duk abin da ta saba faɗa tun aurensu yana jin sa: rufe ƙofa, ina makullin, ka rage gishiri. A shago ma gaisuwa da cinikin kujera ba sa ba shi wahala. Har ya fara cika baki wai kunnensa ya fi na yara. Amma ya koyi amsawa kafin a rufe baki. Wani mai shayi ya ce a rage wa bencinsa tsayi, shi ya ji a ƙara, ya ƙara. Ya ce mutumin ne bai iya magana ba.

Wata rana da la'asar ya shigo, matarsa da 'yarsu Auta suna tsaye a tsakar gida. Matar ta yi magana mai ɗan tsawo.

"Na wanke a shago," ya ce, ya wuce.

Sai da ya kai bakin ɗaki ya ga ba wanda ya motsa. Auta ta sunkuyar da kai. Uwar ta tako ta tsaya a gabansa, ta nuna bakinta.

"Auta ta samu aiki. A wani gari. Za ta tafi. Da kana kurma kana kallon bakina. Yanzu da ka samu kunne, kanka kawai kake saurare."

Washegari bai buɗe shago ba, ya yi ta zagaye a barandar asibiti har aka kira shi.

"Likita, na'urar nan ƙarya take yi mini."

"Ba ita ba ce, Baba. Tsammani ne ya yi ƙarfi har ya danne abin da kunne ya kawo. Dole ka bar wa kunnen wuri ya ce wa ƙwaƙwalwa ba haka ba ne. A riƙa gaya maka abin da ba ka sani ba, kai kuma ka jira a gama."

Jira kuwa ba halinsa ba ne. Kullum bayan cin abinci matarsa takan juya masa baya ta ba shi labarin da bai taɓa ji ba, shi yana kaɗa ƙafa, amsa na cin bakinsa, yana danne ta. Rabi ya kama, rabi ya zube. Wani lokaci ya tashi a fusace, ya je ƙofa, ya dawo ya zauna. "To, daga farko."

Bayan Auta ta tafi, ta bugo waya. Babu leɓe, babu fuska, sai siririyar murya. Gaisuwar ya ji ta lafiya lau. Da ta shiga labarin ɗakin da ta kama, sai abin ya dagule.

"A hankali, 'yar nan. Me ya ƙi?"

Ta maimaita. Ya runtse ido, ya riƙe numfashi har ta kai ƙarshe.

"Taga? Tagar ɗakin ce ba ta rufuwa?"

"Ita ce, Baba!"

Ya miƙe tsaye da wayar a kunne, yana lalubar takalmi da ƙafa. "Daga sama take cijewa ko daga ƙasa? Kada ki bari kowa ya taɓa ta. Ke, maman yara, ina kika ajiye mini ƙaramar jakar kayan aiki?"