Mai Karanta Akce

Rustem ya karɓi kuɗin, ya kafa madubin ƙara girma a idonsa, duk da cewa shekara guda ke nan idon ba ya nuna masa komai sai hazo. Ba wanda ya gaya wa, ko matarsa.

Kowace Lahadi masu tara tsoffin kuɗin azurfa na Daular Usmaniyya ta Turkiyya sukan hallara a wani shagon shayi na bayan kasuwar birnin Bursa. Akce, kuɗin da suke tarawa, ɗan ƙanƙane ne, bai kai farce ba, kuma in rubutunsa ya goge Rustem ake kawo wa. Shekara talatin in ya faɗi sunan sarki magana ta ƙare. Wannan girman kaɗai ya rage masa a duniya, shi ya sa yanzu yake satar karatu da babban yatsa.

Na yau Jemil ne ya miƙo shi, wani dillali mai baki kamar reza.

"Malam, wannan ya gagare mu. Sai manya."

Rustem ya shafa, ya juya. Yatsan bai gaya masa komai ba. Da ya ce bai sani ba, da an wuce wurin, amma bakinsa bai saba da wannan kalmar ba.

"Sultan Bayazid na biyu," ya ce. "Bugun birnin Edirne."

Wani ya shaƙe da shayi.

"Daidai ne," in ji Shukru, amininsa tun suna soja, da sauri. "Kawo in ajiye, Yaya."

Saurin nan ne ya tsorata Rustem. Ya janye hannu, ya saki kuɗin a kan tebur. Azurfa ƙara take yi. Wannan ya faɗi ɗif.

"Mene ne wannan, Jemil?"

"Maɓallin wandona ne, Malam, na daka shi da guduma. Ashe tun zamanin Bayazid nake saye da shi!"

Mutum biyu suka yi dariya, sauran suka sunkuyar da kai. Kunya ta rufe Rustem har wuya.

"Allah wadaranka, Jemil," in ji Shukru. "Wa ya koya maka riƙe akce in ba shi ba?"

Rustem ya ce, "Ƙyale shi. Ya yi gaskiya."

Rustem ya miƙe, ya laluba hularsa, ya tsaya. Kullum shi ne na ƙarshen fita, don kada a ga yadda yake bin bango.

"Shukru," ya ce, yadda kowa zai ji, "kama hannuna. Ba na ganin ƙofar."