Tasar da Ba a Wankewa

A bakin tashar Kiru akwai shagunan masu fenti guda biyu, bango ɗaya ya raba su. Na dama na Inuwa ne, na hagu na Garzali. Wurin maigida ɗaya suka koyi sana'ar a Kano tun suna samari, tare suka dawo gida, kuma a kwano ɗaya suke cin abincin rana. Allunan shaguna suke rubutawa, su zana zaki da dabino a bayan manyan motoci.

Kowa ya san hannun Inuwa ya fi tsabta. Layinsa ba ya rawa, harafinsa kamar inji ne ya buga. Amma in zanen ruwa ake so, sai a wuce ƙofarsa a shiga ta Garzali. Shuɗin Garzali ba shuɗi ne zalla ba. Akwai kore a cikinsa, akwai wani duhu-duhu kamar laka a ƙarƙashi, irin kalar da dam ɗin Tiga ke yi idan damina ta yi nisa. Direbobi kan ce in ka tsaya bayan motar da ya zana har sanyi kake ji. Inuwa yana jin wannan magana ta cikin bango, yana murmushin yaƙe.

Mutanen tasha sun yanke cewa asiri ne, wasu kuma suka ce baiwa ce, da ita aka haife shi. Dama mutane sun fi son irin wannan bayani, don ba ya sa kowa tashi ya je ya duba. Inuwa kam ya gwada. Ya sayi irin fentin da Garzali ke saya, ya auna kore da cokali, ya ɗiga baƙi, ya ɗiga ruwan ƙasa. Kullum abin da yake samu shuɗi ne mai kyau, mai tsabta, busasshe. Tambaya kuwa ba zai yi ba. Shi da maigidansu ke yabo a gaban baƙi, shi ne zai je neman sani wurin Garzali, wanda ya sha faɗa kan ƙazantar kayan aiki?

Rannan sai ga Baba Lado, shugaban masunta na wani ƙauye a bakin dam. Sun gina sabuwar rumfar sayar da kifi, suna so a zana musu ruwa da kwalekwale a bangon da ke kallon titi, inda duk mai wucewa zai ga sunan wanda ya zana. Dattijon ya gaisa da Inuwa sosai, ya tambayi iyali da kasuwa, sannan ya tambaya ko Garzali yana ciki. Inuwa ya nuna masa ƙofar da hannunsa. Bai taɓa son wani aiki kamar wannan bangon ba.

Ba a kai ga fara aikin ba aka aiko wa Garzali cewa wansa ya rasu a Doguwa. Ya bar wa Inuwa makulli kamar yadda suka saba, ya shiga mota.

Makullin bai daɗe a aljihu ba. Da hantsi, tasha cike da mutane, Inuwa ya buɗe shagon yana cewa zai share wa mutuminsa ƙura. Ya duba saman ƙofa, ya duba bayan gwangwanaye. Babu laya, babu komai. Sai wata tsohuwar tasa da Garzali ke haɗa fenti a ciki, wadda ragowar fentin shekara da shekaru ya yi mata ɓawo mai kauri, ja kan kore, kore kan ruwan ɗorawa, har bakinta ya tsuke. Maigidansu ya koya musu cewa mazubi mai dauɗa yana kashe kala, kuma Inuwa bai taɓa kwana da tasa mai dauɗa ba.

Ya zuba shuɗinsa a ciki, ya tsiyaya fetur kaɗan, ya juya da tsinke. Ɓawon ya fara laushi yana sakin abin da ke jikinsa. Ya shafa burushi a jikin katako, sai ga ruwan Tiga.

Ya daɗe yana kallon katakon. Ashe ba wani sani ba ne, lalaci ne. Mutum ya ƙi wanke tasa, gari ya ɗauka yana kiransa gwani. Da Inuwa ya mayar da tasar inda ya gan ta ya fita, da ya tafi da abin da ya zo nema. Amma ya tuna bangon rumfar, ya hango sunan Garzali a ƙasansa. Ya ɗauko kananzir da wuƙa, ya zauna ya kankare ta har sai da ya ga fuskarsa a ciki.

Da aka yi sadakar bakwai Garzali ya dawo a rame. Suka zauna a benci, Inuwa ya yi masa gaisuwa. Garzali ya ce marigayin ya bar gonar masara da yara ƙanana, babu namiji babba a gidan, don haka can zai koma da zama. Ya ce ya biya wurin Baba Lado ya roƙe shi ya bai wa Inuwa aikin, dattijon ya yi ta jan ƙafa, da ƙyar ya yarda.

"Na ce masa ni na ɗauki nauyi, ruwan zai fito yadda yake so. Bari in ɗauko maka wani abu, sarkin tsabta. Amma don Allah kada ka wanke ta."

Ya shiga shago. Inuwa yana zaune yana jin motsin gwangwanaye, sannan motsin ya tsaya. Garzali ya fito da tasar a hannu tana walƙiya.

"Na ga ta yi dauɗa ne," in ji Inuwa.

Garzali ya kalle shi, ya kalli katakon da ke jingine a bakin ƙofa, wanda Inuwa ya manta bai ɓoye ba.

"Ka kyauta, Inuwa. Ga ta, ai taka ce."

Inuwa ya zana bangon. Kwalekwalen ya fito, kifayen kamar za su yi tsalle, sunansa a ƙasa da harafi mai kyau. Baba Lado ya zo ya tsaya da sandarsa, ya yaba kifin, ya yaba rubutun. Da ya zo kan ruwan sai ya ce madalla, ya yi kama da ruwan bular da mata ke sa wa farin kaya. Masunta suka yi dariya, ba da mugunta ba.

Yanzu Inuwa ya daina wanke tasar. Kowace yamma yakan karkata ta ya duba ko ɓawon ya fara kauri, amma har yanzu siriri ne. Kuma idan direbobin Doguwa suka tsaya a tasha suna labarin wani manomi can wajensu da ke zana ruwa a bangon shagunan maƙwabta, kyauta, sai Inuwa ya tambaye su, kamar ba da wata manufa ba, a cikin me yake haɗa fentin.