Ƙudan da Ba a Ɗaura Ba

Zaren ya sake kauce wa kafar ƙugiyar. Orval ya lashi bakin zaren ya sake gwadawa, yana tsaye cikin ƙoramar, ruwan sanyi har gwiwa. Ƙudan bogin da ke jikin ƙugiyar don yaudarar kifi, shi ya haɗa shi da gashin zakara, tun hannunsa bai fara rawa ba.

Verna, 'yarsa, tana zaune a kan dutse ta harɗe hannu. Likita ya ce ya daina hawowa kan tsaunin nan kamun kifi shi kaɗai, shi kuwa Orval taurin kai ne da shi kamar tsohon jaki. Da ƙyar suka yi yarjejeniya: in ya ɗaura ƙudan a zare da hannunsa a gabanta, ta bar masa motarsa da ƙoramarsa.

"Baba, kawo in zira maka. Ba zan faɗa wa kowa ba."

"Ke da ko maɓalli ba ki iya ɗinkawa? Bar ni."

"To sa tabarau mana."

"Idon lafiya lau yake. Iska ce."

Ko ganye ba ya motsi. Ya dafe gwiwar hannu a ƙirji, ya riƙe numfashi, amma yatsun suka ƙi jin magana. Kunya ta kama shi, da wani tsoro da bai taɓa sani ba.

Ƙudan ya suɓuce.

Ya sauka a kan ruwa a hankali, ya bi igiyar ruwan har gindin wani itace da ya faɗo. Kifin da Orval ya yi bazara guda yana lallaɓa ya taso, jajayen ɗigon jikinsa suka haska, ya cafke ya koma.

Verna ta yi 'yar dariya. "Ga shi ka kama, ba ko zare."

Bai yi dariya ba. A ƙoramar nan kowa sai ya matse ƙayar ƙugiya da filaya, don in kifi ya tsinke zare ya iya tofar da ita. In ba a matse ba, da ita zai yi ta yawo a baki.

"Na matse ta kuwa?"

"Me?"

"Ƙayar."

"Ina zan sani, Baba?"

Shi ma bai sani ba. Ya laluba ƙwaƙwalwarsa, babu komai a wurin. Ya daɗe yana kallon gindin itacen, sannan ya miƙa mata hannu.

"Riƙe ni in fito. Akwai santsi."