Bugun Ƙarshe a Filin Jar Ƙasa

Shizue tana murza wa mijinta man zafi a kafaɗa, shi kuma yana cije leɓe.

"Ɗaga hannun mu gani," in ji ta.

Kuwabara ya ɗaga. Hannun ya kai daidai kunne ya tsaya, kamar mai rantsuwa a kotu.

"Maigida, ka aika musu ba ka da lafiya. Mai shekara saba'in in ya faɗi haka ba za a ce ya yi ƙarya ba."

"Bugu ɗaya ne fa. Ƙwallo ta haye raga, ta faɗa cikin layi, mu dawo gida."

Washegari ne za a tone tsohon filin jar ƙasa na kulob ɗinsu na wasan tanis a birnin Kobe, a malala siminti. Kwamiti ya ce Kuwabara zai yi bugun ƙarshe a bainar jama'a, tunda shi kaɗai ne ɗan kulob ɗin da ya taɓa wasa a Ingila. A 1923 ke nan. Mako shida a jirgin ruwa yana amai, minti hamsin a fili aka lallasa shi, sai wani mako shidan na dawowa. Da shekaru suka ja, minti hamsin ɗin ya zama awa uku a bakin mutane, shi kuwa ya gaji da gyara musu.

Da hantsi suka iso. Shugaban kulob, Hironaka, wani dillalin firiji, ya yi jawabin da ya fi wasan Ingila tsawo. Sannan ya matso ya rage murya.

"Malam, ko ta ƙasa ka ɗan tura ƙwallon, ba sai ka ɗaga hannu ba. Hoto kawai muke so."

"Ubanka ma bai taɓa ganin na buga ta ƙasa ba."

Kuwabara ya rusuna wa filin kamar yadda aka koya masa, ya jefa ƙwallon sama, ya kai mata raket, wato abin bugun tanis. Wani abu ya ce ƙas a kafaɗarsa. Ƙwallon dai ta haye raga, ta sauka, ta ta da 'yar ƙura.

Wuri ya ɗauki tafi.

"Ciki!" Hironaka ya yi ihu. "Wallahi tsakiyar layi! Kun ga mazan jiya?"

A zamanin su Kuwabara babu alƙali a wannan fili. Wanda ya gani shi ke faɗa, ko da a kansa ne. Ya zagaya raga a hankali, hannun dama na reto, ya tsaya a kan tabon da ƙwallon ta bari. Tsakaninsa da layi faɗin yatsa biyu.

"Waje," ya ce.

"Haba Malam, mai hoto ya riga ya ɗauka."

"To ya sake shiri. In na farko ya fita, saura bugu na biyu."

Shizue ta rufe ido daga inda take zaune.

Ya koma bayan layi. Wannan karon hannun ko ƙirji bai wuce ba. Ƙwallon ta bugi bakin raket, ta gangara kan ƙasa, ta shige ƙarƙashin raga ta tsaya. Mutane suka dubi juna, sannan suka sake tafawa, don ba a gaya musu abin da za su yi in haka ta faru ba. Kuwabara ya rusuna wa filin. An riga an fara raba shayi.

A jirgin ƙasa Shizue ce ta riƙe raket ɗin, don shi ko tikiti bai iya cirowa daga aljihu ba.

"Gobe war haka siminti ya rufe tabon nan," in ji ta. "Da ka yi shiru, wa zai sani?"

"Shi ya sa na faɗa yau."

Ta gyara masa wuyan riga.

"A Ingila ma haka ka yi ta tona wa kanka asiri?"

Ya jingina kai da taga, ya lumshe ido.

"A can ba a bukaci bakina ba. Kowa ya gani."