Ɓarawon Ƙamshin Randa

Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu a Ƙauran Namoda, ko bai riƙe fuskar kowa ba, zai riƙe ruwan Iya Yalwa. Kakata ce, mahaifiyar Baba. Tana da wata baƙar randa ƙarƙashin rumfa, duk bayan kwana uku sai ta wanke ta, ta kife ta a kan garwashi, ta barbaɗa jema da kajiji da wani abu na uku da take ƙullewa a bakin zane, wanda ba ta taɓa faɗa wa kowa sunansa ba. Mata kan shigo wai gaisuwa, su shanye moɗa biyu, su fita ba su tambayi lafiyar kowa ba.

Shekarar da aka ba mu jiha, ciwon ciki ya kwantar da rabin gidan. Da Baba ya miƙe, sai ya tafi Gusau ya dawo da filta: bokiti biyu na roba, ɗaya bisa ɗaya, na ƙasan da ɗan famfo. A tsakaninsu ake ɗaura wani abu mai kamar gwangwanin madara dogo, cike da gawayi na musamman. Mai shagon ya ce sunansa kyandir. Ruwa na bi ta cikinsa ya ɗiga ƙasa.

Iya ta zagaye shi sau biyu, hannu a baya.

"Ɗanbaba," ta ce, don ba ta kiran Baba da sunansa na yanka, "wanga abu shekarassa nawa?"

"Sabo ne, Iya."

"To randata ta girme ka. Ruwa shi fara kwana wurin babba, in ya so da safe ku ba yaron naku."

Haka aka yi. Ruwa ya kwana cikin randa ya sha turare, da safe aka juye shi a filta. Iya ta tara moɗa, ta kurɓa, ta tsaya. Ta sake kurɓa. Ta shinshina moɗar, ta shinshina hannunta, ta shinshina ni.

Babu ƙamshi ko kaɗan.

Na san dalili. Na gama karatu a Sakkwato ina jiran a kira mu bautar ƙasa, kuma takardar da ta zo tare da filtar tana cikin akwatina. Aikin gawayin ke nan, ya kama wari ya riƙe, shi kuma bai san wari da ƙamshi ba. Na buɗe baki zan yi bayani, Iya ta juyo.

"Mi?"

"A'a, ba komai," na ce.

Daga ranar aka shiga yaƙi. Iya ta ninka jema. Kyandir ya cinye. Ta ninka kajiji, ta kwance bakin zane ta ƙara na ukun har hayaƙi ya kori kaji daga tsakar gida. Kyandir ya cinye. Ta daina kiransa filta, ta raɗa masa Ɓarawo. In za ta wuce sai ta ɗan bugi murfinsa da mafici.

"Ci dai," takan ce. "Wata rana ka ƙoshi."

Abin mamaki, gaskiya ta faɗa. A wata na biyar ruwa ya fara ɗiga a hankali kamar mai jin nauyin fitowa, sannan wata safiya ƙamshin jema ya biyo shi. Kwana uku bayan haka har na ukun ana ji. Iya ta yi guɗa da tsufanta.

"Ya ladabtu! Na ce muku ba a kawo yaro gidana ya fi ƙarfina."

Ni kuwa na koma na duba takarda. Takardar ta ce in ɗanɗano ko wari ya fara ratsowa, to gawayin ya cika, ba ya kama komai, a cire a sa sabo. Wato ladabin da Iya ke gani mutuwa ce. Na sami Baba a zaure na gaya masa ƙasa-ƙasa. Ranar Laraba ya miƙo mini sabon kyandir cikin leda zai fita zuwa Kasuwar Daji sayen gero.

"Ke kika yi boko, Rekiya. Ki sa shi, ki kuma yi wa Iya bayani."

Rabin farko na yi. Da safiyar Alhamis, Iya na bayan gida tana alwalar walaha, na kwance tsohon, na ɗaura sabon, na cika bokitin sama. Tsohon na jefa shi cikin kwandon shara. Takarda ta ce a zubar da ruwan farko da na biyu, na ce bari ya gama ɗiga tukuna.

Abin da ban sani ba, Iya ta riga ta ba wani direba saƙo zuwa Zurmi. A can aminiyarta Hindu take. Tare suka tashi, kuma shekara hamsin suna gardama ɗaya: ruwan wa ya fi daɗi. Saƙon Iya shi ne Hindu ta zo ta ga injin Turawa da aka koya wa turare.

Kafin azahar sai ga sallama. Goggo Hindu ta shigo da ƙatuwar jakar saƙa, gajeriya, tana tafe tana duba gidan kamar ta zo saye.

"Yalwa, ba ki mutu ba?"

"Ina jiran ki riga ni, in ga wa za ya zo miki gaisuwa. Zauna, mutuniyar Zurmi, ki sha ruwa karon farko a rayuwarki."

Na taso da sauri. "Iya, da an ɗan..."

"Ke tahi can, ƙawata. Yau da hannuna zan ɗiba."

Ta ɗauko kofin tangaran na baƙi, fari sol, ta tsuguna, ta murɗa famfo. Ruwa ya fito baƙi kamar an wanke gindin tukunya. Garin gawayin sabon kyandir ne, amma ban da ni ba wanda ya sani.

Goggo Hindu ta leƙa kofin. Ta ɗago ta dubi Iya. Ta sake leƙawa.

"Lalle na ga abin da na zo gani," ta ce. "Yalwa, wannan sha ake, ko shuni za mu rina?"

"Rekiya!"

Dole na yi magana. Na yi ta ne ina kallon yatsun ƙafata: an sa sabo, ruwan farko haka yake, yanzu zai washe. Na zubar, na sake cikawa daga randa. Muka zauna mu uku muna sauraron ɗis, ɗis. Goggo Hindu ta fito da goro tana ci tana murmushi. Na zubar da na biyu. Na uku ya fito garau kamar ido.

Goggo Hindu ta karɓa da bisimilla, ta kurɓa, ta jujjuya shi a baki kamar mai neman tsakuwa cikin shinkafa.

"Ruwa ne," ta ce. "Wallahi ruwa ne, ba na zaluntakki. Irinsa muke ba awaki."

 Iya ta zauna tana murza gefen tabarma. Ta san kafin magariba duk Zurmi za ta ji, kuma matan unguwa da ke zuwa sayen daddawa can za su dawo da labarin. Ta ce da ni, ba tare da ta dube ni ba, "Ina kika kai wanda na hora?"

"Ya cika, Iya. Ba ya tace komai, in an sha ana iya..."

"Ɗauko shi."

Na zaro shi daga ƙarƙashin ɓawon albasa, na ɗauraye, na kawo bisa faifai. Tun kafin in iso rumfar, Goggo Hindu ta daina tauna goro. Turaren wata biyar, ninki bisa ninki, duk yana cikin abin nan. Hancinta ya buɗe. Ta miƙo hannu kamar ba da gangan ba.

"Mu gani. Kai, ƙazanta." Ta kai shi hanci. "Jema ce, wa bai sani ba." Ta sake ja. "Kajiji." Ta rufe ido ta ja dogon numfashi har kaza ta zo ta tsallake ƙafarta. "Wannan na ƙasan... ba ƙaro ba ne."

"Ba shi ba ne," in ji Iya. Ta bar murza tabarma.

"Ɓawon wani icce ne."

"Haka kika ce shekarar da aka haifi Ɗanbaba."

Goggo Hindu ta juyo gare ni. "Ɗiyata, kin ce gawayi ne ciki? To gawayi ai wuta yake ci. In an fasa an sa bisa garwashi, abin da ya haɗiye zai fito ɗaya bayan ɗaya?"

"Takardar ba ta faɗa ba, Goggo. Amma don Allah kada a sha ruwansa."

"Wa zai sha ruwan Ƙaura?"

Aka kawo tuwo, aka yi azahar, aka zagi mutanen da suka mutu da waɗanda suka ƙi mutuwa. Da la'asar ta miƙe don kada motar Zurmi ta bar ta. Na duba faifai, babu kyandir. Na duba jakar saƙa, gindinta ya jiƙe, yana ɗigar da baƙin ruwa a kan takalminta.

Iya ma ta gani. Na zaci za ta fizge jakar. Sai ta gyara ɗaurin zane, ta raka ta har ƙofar gida, inda matan maƙwabta uku ke zaune suna tsinar wake.

"Hindu!" ta ɗaga murya yadda har masu shagon kan kwana za su ji. "Jakakki na yoyo. Ki riƙe ta da kyau, sharar gidana ce kika ɗauka za ki turara randakki."

Matan suka bar wake suka miƙa wuya. Goggo Hindu ba ta waiwayo ba, ta dai ƙara matse jakar a hammata ta ƙara sauri.

"Ki dawo bayan wata biyar!" Iya ta bi ta da kira. "Ina tara miki wani!"