Ƙararrawar Achiel da Iskar Teku

Mijin yayata, Achiel, shi ke kaɗa ƙararrawar hasumiyar cocinmu kowace Asabar, ranar kasuwa. Ni dai tun farko ban so auren ba. Mutumin da rabin ransa ke can sama tare da tantabaru, ina zai riƙe mace? Amma Yaya Godelieve, wadda yake kira Lieve, kunnen ƙashi gare ta, ta aure shi, suka tsufa tare suna faɗa a kan waƙa.

Ƙararrawa arba'in da 'yan kai ke rataye a can. Tsofaffin tun zamanin kakannin kakanninmu aka zuba tagullarsu. Wasu kuma sabbi ne, don sojojin mamaya sun sauke na asali lokacin yaƙi sun narkar da su. Kowace ƙararrawa da wayarta, kowace waya da sandarta ta katako. Ƙananan da dunƙulen hannu yake bugunsu, manyan da ƙafa yake taka su. Shi da ke ciki ba abin da yake ji sosai sai ƙarar waya da katako. Yaya ce kunnensa. Takan tsaya a bakin rumfar mai kifi ta saurara, in ya sauko ta wanke shi tas.

Da ciwon ƙirjin ya kwantar da ita, likita ya ce mu daina sa rai. Ran Asabar da safe ta buɗe ido ta dubi Achiel.

"Kai, me kake yi a nan? Yau ba kasuwa ba?"

"Kasuwa ta ci ba ni."

"Ka hau ka kaɗa min waƙar nan ta masu jirgin ruwa. Wadda kake ɓatawa kullum."

"Lieve, in na hau, wa zai zauna da ke?"

"Ga ƙanwata Philomena nan, ko ita ba mutum ba ce? Wannan fuskar taka na gaji da ganinta. Kiɗan nake so."

Na ja shi zuwa bakin ƙofa na ce, "Kada ka tafi. Lokacinta ya kusa." Ya ce, "Mena, abu ɗaya ta roƙe ni, kuma a nan ɗakin ba ni da shi." Haushi ya kama ni, da shi da hasumiyar da wanda ya gina ta. Ya sa hularsa ya fita.

Na buɗe taga, na gyara mata filo. Sai ga iskar teku ta taso. Gidansu yamma yake da coci, kuma duk ɗan garin nan ya san abin da iskar ke yi: takan kwashe muryar ƙananan ƙararrawa ta kai wa ƙauyukan gabas. Waƙar kuwa a bakin ƙananan take. Da ya fara, ba abin da ya iso mana sai gurnanin manyan, gum, gum, jefi-jefi. Na leƙa, sai na ga mutanen can tsallaken kasuwa sun ɗaga kai suna sauraro, su da ba su roƙa ba.

Yaya ta rufe ido. Yatsanta na motsi a kan bargo, leɓenta na bin waƙar da ba ta zo ba. Ta yi wata magana a hankali, na sunkuya na ji. Can yatsan ya tsaya.

Shi kuwa bai sani ba. Ba mai iya kiran mutumin da ke can sama ya ji. Ya kai ƙarshe ya sake komawa farko, ni ina zaune da hannunta a nawa, manyan na ta gurnani. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan zaman ba.

Ya shigo yana haki, gefen hannunsa ya fashe yana jini. Ya ga na rufe mata fuska. Ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu.

"Ta ji?"

"Iska ta kwashe. Ƙafarka kaɗai ta iso."

Ya jingina da bango. "Ba ta ce komai ba?"

"Ta ce ƙafarka ta hagu na jan baya."

Ya dubi ƙafar, ya daɗe yana dubanta.

"Gaskiyarta," ya ce. "Bari in koma in gyara."

Ya juya har ya kama marfin ƙofa, sannan ya tsaya.